Bango Mai Ƙafa

A Harehills, bayan tashar bas, can cikin Leeds,
akwai wani gini da bangayensa ke tafiya.
Ni ke riƙe da makullansa, goma sha ɗaya,
ni na san tayar da ke kuka in an tura,
ta uku daga hagu, wadda ta raina duk wani mai.

Da can Litinin ta jarirai ce da ma'auni.
Laraba tsofaffi su ɗaga hannu sama
kamar masu tsinko tsamiya a reshen da ba a gani.
Juma'a mu shimfiɗa darduma a lungun gabas.
Asabar 'yan Eritiriya su gasa gahawa
har ƙararrawar hayaƙi ta shiga maganar.

Sai ga watan Maris.
Titi ya yi tsit, har tantabaru suka tsargu.
Nas Shazia ta shigo da igiyar awo da salatef,
idonta kaɗai ke waje, sauran na bayan ƙyalle.
Ta ce, "Ɗantani, yau ɗaki ɗaya zai haifi bakwai."
Na sa kafaɗa. Taya ta yi kuka.
Kafin la'asar wurin rawa ya zama layin gwaji,
kicin ya cika da shinkafa, gwangwanin wake, kunzugun yara,
ƙofar baya da muka manta da ita shekara shida
ta zama ta fita, don kada numfashi ya gamu da numfashi.

A gida an ce zumunta a ƙafa take.
To ga shi an ɗaure ƙafar kowa.
Bango kaɗai aka bari ya yi tattaki,
shi ya je gaisuwa a madadinmu.

Mista Brennan, mai shekara tamanin da ɗaya,
ba gwaji ya kawo shi ba, ba abinci ba.
Laraba ce kawai, kuma ƙafarsa ta saba.
Na yanka masa ɗaki kamar faɗin tabarma biyu,
kujera, taga a buɗe, shayi a kan dakali.
Ina daga waje da tsintsiya, yana daga ciki da hula,
yana ba ni labarin matarsa Noreen
da yadda take ƙona burodi ta ce haka Turawan da ke ci.
Laraba tara muka yi.
Ta goma na dafa shayi, shayi ya huce.
Ban rushe ɗakin ba sai da kaka ta wuce.

Da allura ta iso cikin sanyin Janairu
muka sake juya gidan kamar waina.
Hajiya Kubura ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga,
wayarta cike da muryoyin masu ba da tsoro.
Ban yi mata wa'azi ba, ni ba likita ba ne.
Na ja labule kawai, ta leƙa, ta yi shiru.
"Ashe nan ne inda nake sallah?"
Ta zauna, ta naɗe hannun riga,
ta kalli gabas, ta ce wa Shazia, "Yi sauri, ina da tuwo a wuta."

Yanzu bangaye sun koma mazauninsu.
Jarirai sun dawo, wasu an haife su muna kulle,
suna kallon baki da hanci kamar sabon abu.
Sawun salatef bai fita daga daɓe ba,
na kankare, na goge, ya ce yana nan.
Yara sun mai da shi wasan 'yar gala-gala,
tsalle ɗaya, taku shida, dariya.

Shugabar gini ta ce in canza tayar nan mai kuka.
Na sayo sabuwa, tana cikin akwatin kayan aiki
tun bara.