Benci Sittin a Aboabo

Ni na ƙera su, shekarar da aka haifi Memunata:
benci sittin, katakon odum, ƙusa kilo tara.
Hedimasta ya ce, “Isaka, ka yi su da ƙwari,
’ya’yan Zango ba zama suke yi ba, hawa suke yi.”
Na yi su da ƙwari. Har yau ba wanda ya gurɗe.

Jiya aka kira ni gyaran ƙofa.
Na leƙa aji huɗu, na ƙirga kai goma sha ɗaya,
sun takure a gaba kamar kajin da ruwa ya kora,
bayansu sahu-sahu ba kowa,
sai gizo-gizo yana bitar darasinsa a kusurwa.

Ina sauran?
Kuɗin haya ya kwashi iyayensu zuwa bayan gari.
Masu ɗan hali kuma, bas mai ruwan ɗorawa
ke zuwa ɗaukar nasu tun kafin a sauke koko.

Malam Fuseini ya buɗe mini littafin lissafi,
yana bin layi da yatsa mai alli:
“Da kai ake ƙirga abin da za a ba mu,
amma kwano bai san ƙirga ba.
In ya yi yoyo, duka zai yi.
Fitila ba ta rage ci don yara sun ragu,
mai gadi ba ya gadin rabin katanga,
ni ma muryar da na yi wa sittin
ita nake yi wa sha ɗaya.
Kujerar da ba kowa, Isaka, ita ma cin abinci take,
sai dai ba ka jin taunarta.”

Na ce, to ai ga magani a gonar yaro.
Jikata Zenabu, can inda suka koma,
a kan bulo take zama, allonta a cinya,
su tamanin, ɗaki ɗaya, numfashin wani a wuyan wani.
Ba ni benci ashirin, ni zan biya motar.

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
“Kowanne da lambarsa a ofis.
Sai takarda ta je Accra ta dawo.
Na rubuta bara. Na rubuta bariya.”

Na ɗaura ƙofar. Sidi arba’in, bashi.
Da zan fita na shafa na ƙarshe a layin taga,
yatsana ya faɗa cikin wani zane:
MEMUNA, da tsinin ƙusa, harafin ƙarshe a karkace.
Ashe nan ta zauna. Ban taɓa sani ba.

Na ciro awo daga aljihu na gwada tsayinsa.
Akwai guntun katako a shago.
Ba zai kai odum ba,
amma gobe ’yarta za ta sauka daga kan bulo.