Sikelin Auduga

A zauren kakana Jatau, can bayan Ƙofar Kuyambana,
akwai tsohuwar masaƙa, yanzu kaza ke ƙwai a gindinta.
Ya ce bayan dogo ya iso Sabon Gari
aka kawo iri a buhu, aka ce a shuka wannan,
aka kafa sikeli mai harshe ɗaya
wanda ba ya jin Hausa.

A ɗora auduga, akawu ya leƙa allura,
ya faɗi abin da ya ga dama.
Kuɗin ba ya kwana a gida,
da hantsi ya shigo, da la'asar haraji ya yi gaba da shi.
Audugarmu ta hau jirgi, ta ƙetare teku,
ta dawo akoko da tambarin wasu,
ta kashe ƙoshiyar da ta san ta tun tana abawa.

Ran da aka sauke tutarsu
kaka ya je kallo Tudun Wada, ya dawo da ƙishirwa.
Goggo Lanti ta ce, "To, sun tafi?"
Ya ce, "Sun tafi. Sikelin dai yana nan."

Ni jikansa na yi boko har Samaru,
ina neman aiki da bakin akawu.
Wasiƙarsa ta ajami na cikin adaka,
sai na nemo mai karanta mini.
Jiya na bi ta tasha, ciyawa ta ci ƙarfe,
awaki na kiwo inda jirgi ke tsayawa.
Rigar jikina ma, da na juya wuyanta,
sunan wani gari na gani,
na kasa faɗinsa.