Maɓalli

Ni tela ne a bayan kasuwar Tawa.
Awo na sani,
shi ya sa ni na fara gani.

Wandon da na ɗinka wa Arzika da ƙaramar salla
kafin layya ya tsaya masa a ƙauri.
Na kwance kalmasa, na ƙara tsawo,
na ce albarkar hura ce.
Shekararsa shida,
giɓin haƙoransa na gaba bai ma cike ba.

Wata safiya ya ce, "Baba, ina kwana,"
da muryar da ba tasa ba,
har na waiwaya ina neman baƙo.
Gashi a hammata, warin zufar manya,
a jikin yaron da ke kuka in an kashe fitila.
A lakwal mushe ya kai shi bencin baya,
ya ce a kawo takardar haihuwa ta gaskiya.
Ran nan Zuwera ba ta taɓa tuwo ba.

Ga kuma dariyar nan
da ke zo masa ba a yi abin dariya ba,
baki na ƙyaƙyatawa, ido a tsorace.
Maƙwabta suka ce iska.
Rubutu, hayaƙi, jan zakara.

Lokotoro ce ta ce: sai Yamai.
Na jinginar da keken ɗinkina.
Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso,
yana barci a kafaɗata da nauyin saurayi,
motar gwangwani a hannunsa.

A ɗaki mai sanyi suka ɗaga hoton kansa ga haske.
Can ƙasan ƙwaƙwalwa, wani ƙari,
bai kai maɓallin riga ba.
Shi ne ladanin, in ji su,
da ya kira balaga tun dare bai raba ba.
Ba mai yaɗo ba ne, amma a sa masa ido.
Magani don dariyar,
allura duk wata, ta ce wa jiki: dakata.

Maɓalli nawa na tsinke da haƙori?
Wannan ba ni da almakashinsa.

Keke ya dawo gida da kaka.
Jiya na ɗora masa igiyar awo:
wata uku, ko yatsa bai ƙaru ba.
Ban san uba na murnar haka ba.
Shi ko a jikinsa.
Ya ja leɓe da yatsa,
da muryar nan tasa ta aro ya ce,
"Baba, duba, haƙori ya leƙo."