Makullin Magaza

Makullin magazar meri yana aljihuna,
ni Barma, shekara tara ke nan.
Da hadari ya haɗo bayan duwatsun Birni
na kunna tocila na ƙirga:
shebur goma sha ɗaya, ɗaya ba ƙota,
buhu ɗari uku, ba yashi,
injin zuƙar ruwa guda, mai tari,
tankinsa ƙaf kamar randar bazara.

Tun Afrilu na kai takarda sama.
Majalisa ta zauna, ta sha lemu, ta tashi.
Kanibon Garin Malam bai tashi ba,
yana nan kwance, leda har wuya.

Bara ruwa ya shiga ɗakin Fanna tsakar dare,
ko sallama babu.
Katanga ta durƙusa kamar raƙumi.
Muka kwashe su zuwa lakwal,
yaranta suka kwana ƙarƙashin allo.

Ɗazu ta aiko autanta da esansi lita biyu,
cinikin ƙuli-ƙulinta,
wai in shayar da injin.
Na karɓa.
Ban san shafin da zan rubuta shi ba.

An fara yayyafi.