Tafinta

Aikina dakon magana ne
daga bakin shaida zuwa kunnen alƙali,
Hausa a kafaɗar dama, Faransanci a ta hagu.
Shekara goma sha ɗaya a kotun Tawa
ban taɓa zubar da kalma a hanya ba.

Yau shari'ar jinin Nomau ake,
ɗan dakon albasa, mutumin Kalfu,
wanda ya faɗi a tashar lodi ran Lahadin kasuwa,
tsakanin buhu da buhu,
a kan dala arba'in.

Tankari ya amsa tun ba a matsa masa ba:
hannunsa ne, ƙarfen sikeli ne, sau uku.
Wannan ba ta da ƙashi, na juya ta tas.

Sai Alhaji Arzika mai awo
ya gyara zaman hula ya ce:
"Ni ko yatsa ban ɗaga ba.
Abin da na faɗa kawai: Tankari, a gabanka?
Yaron ƙauye ya taka ka kana kallo?
Ashe gemun nan na ado ne?"
Alƙali ya rubuta, ya ce in shaida masa
mai hura wuta da mai ƙyasta ashana
igiya ɗaya doka ke auna su da ita.
Alhaji ya ce, "Wasa ne fa."
Na lalubi wasan cikin harsuna biyu,
ban same shi ba.

Asumana mai shayi, ruwansa na bisa wuta.
Indo mai ƙosai ta ce faɗan maza ne.
Direban Galmi ya ce shi baƙo ne,
baƙo kuwa ko da ido makaho ne.
Kowa ya zo da uzurinsa a wanke, a ninke,
ni kuma ina miƙawa.

Alƙali ya tuɓe tabarau, ya ce in faɗa musu:
wanda ya ga rai a bakin rijiya,
yana iya miƙa guga ba tare da ya faɗa ba,
ko ya ƙwala kira, ko ya buga waya,
ya naɗe hannu,
shi ma akwai layinsa a cikin littafi.
Na faɗa da murya mai kyau. An san ni da murya.

Daga nan aka kunna hoton Sufiyanu ɗan lise,
minti huɗu, hannunsa bai ko girgiza ba.
Aka ƙirga kawuna talatin da bakwai,
da'ira kamar ta 'yan kallon kokawa,
har da mai ɗaga ɗansa a wuya don ya gani.

A gefen hoton, can wajen kwata,
wani jan babur ya rage gudu.
Mai shi ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa,
ledar cefane na lilo a ƙaho.
Ya duba. Ya duba agogo.
Nama ne a ledar, rana kuwa ta take.
Ƙeya kawai hoton ya kama.

Alƙali ya ce, "Tsaya, maido baya.
Me wanda ke ƙasa yake cewa?"
Aka maido. Ɗakin ya yi tsit,
sai fanka, sai carbin uwar Nomau a bencin ƙarshe.
"Jama'a, ba ku gani?"
Abin da ya ce ke nan. Kalma huɗu.
Na buɗe baki, Faransancin ya ƙi zuwa.
Na ce a ba ni ruwa.

An ɗaga zama zuwa gobe da hantsi.
Na tura babur da ƙafa har Bilbis,
ban iya hawansa ba.
Magatakarda ya ce saura shaidu biyu.
Ni na san uku ne.