Kar Ki Narke

Ina 'yar shekara sha shida,
a wani ɗaki a Dilimi da aka liƙe bangonsa da kwalin ƙwai,
Tanimu ya miƙo min takarda, layi huɗu kacal,
ya ce, rera maza kafin a ɗauke wuta.
Alewa, alewa, kar ki narke.
Sauran duk la-la-la ne.
Ladana dubu biyu da kwalbar lemo mai ɗumi.

Na ce cingam ce, zaƙi na ƙarewa za a tofar.

Ba a tofar ba.
'Yan rege na Jenta suka tsince ta,
suka ja ta a hankali kamar tirela a Hawan Kibo,
har alewar ta koma ƙasarmu,
mai sauraro na kaɗa kai kamar an faɗi wata babbar magana.

Sallau mai kalangu, can bakin mayanka,
ya matse ta a hammata sai da ta yi kuka,
ya cusa kirarin mahauta a gurbin la-la-la,
aka liƙa masa ninkin nawa sau goma
ina tsaye da ledar ƙashin miya.

Yaran Unguwar Rogo suka daddatse ta gunduwa-gunduwa,
suka yi ta zuba zance a kai ba numfashi,
muryata can ƙasa, an tsuke ta
ta dawo ta sauro.

A wata majami'a a Tudun Wada
an cire alewa an sa zuciya,
murya huɗu, fararen riguna.
Kaneng maƙwabciyata ta rantse
kakarta na rera ta tun zamanin haƙar kuza.
Ban musa ba. Wa zai ja da kakar wani?

Ni dai ina Farin Gada ina auna dankali,
bokiti a tsaye, gyara biyu a kai.

Bara, ranar da aka kai Davou direba makwancinsa a Bukuru,
'yan badujala suka busa ta, ba kalma ko ɗaya,
taku ɗaya, sai su jira, taku ɗaya.
Na dubi matarsa. Leɓɓanta na motsi.
Ba ki take cewa ba,
ka take cewa.
Nan ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Tanimu fa ya rubuta ta ne
don alewa ta manne masa a aljihun wando.
Ni kaɗai na san wannan, sai shi,
shi kuma yanzu gyaran janareta yake a Kuru.

Jiya da dare autata na wanke-wanke tana gunguninta,
irin ta waya, mai ganga kamar ana dakan acca.
Ta ce, Mama, kin san wannan?
Na ce, na taɓa ji.
Na bari ta kai ƙarshe,
sannan na ce, wajen narke ɗin nan,
ba sauka ake ba. Hawa ake.