Inda Za Mu Kafa Ƙofa

Ruwa ya ci gidanmu na bakin kogi bara.
Ya bar mana turmi, da tukunya biyu,
da ƙofar langa-langa da na tsinto a gonar wani.
Zilai ta ce, "Ban ƙara damina a nan da yara."

Sai na hau bayan babur ɗin Ɗan'azumi dillali
muka shiga Ringim da azahar,
kuɗin shinkafa buhu goma sha ɗaya a aljihun ciki,
ina dafe da su kamar mai ciwon haƙarƙari.
Ya ce, "Gida uku ne. Da na bakin titi za mu fara."

Na bakin titi ya sha shuɗin fenti,
siminti har zaure, ga wayar lantarki ta bi ta kansa
ko da wutar sai ta ga dama.
Muna tsaye tirela ta wuce, ƙasa ta motsa.
Na hangi kaza a kan kwalta, an mai da ita faifai.
Baffa shekararsa biyar, bai iya tafiya ba sai gudu,
in yana gara taya kuwa, ba ya jin kira.

Na biyu yana bayan injin niƙa,
arha kamar tsintuwa, ɗaki uku har da darbejiya.
Dillali na yabon rufi, ni ina duban gindin bango.
Ga zanen ruwa nan daidai gwiwata.
Na san rubutun, an taɓa yi mini shi a gida.
Bayan katanga kududdufi ne kore shar
inda aka haƙi ƙasar ginin unguwa,
takalmin yaro wari guda yana yawo a kai.
Ummita ba ta san zurfi ba, duk ruwa abokinta ne.
Na ce, "Ta da babur.
Ni ne wanda maciji ya sara."

Na uku can ƙarshen gari ne, kan tudu,
inda gero ke leƙen tsakar gida.
Ginin ƙasa, ɗaki biyu, katangar gabas ta zube.
Ɗan'azumi ko sauka bai yi ba.
Na taka zuwa famfon tuƙa-tuƙa ina ƙirga ƙafa,
tamanin da tara.
Daga nan ana hangen tutar firamare,
ba titin tsallakawa, sai burtali da akuyoyi.
Mai kemis na jikin masallaci,
an ce ko tsakar dare ne, in ka buga zai buɗe.

Na dawo na zauna kan kututture.
Wani yaro ya faɗi a gabana, gwiwa ta ɗaye.
Murya uku daga bayan katanga uku:
"Wane ne ya faɗi?"
Ban gane ta uwarsa ba.
Wata tsohuwa, Gwaggo Marka, ta fito da zani a kafaɗa,
ta ɗaga shi tana yi wa ƙasa faɗa,
ta sa baki a ciwon ta hura.
Uwar, ashe, ta tafi awo asibiti.
Ta dube ni. "Baƙo, naka nawa?"
Na ce biyu, da na hanya.
Ta ce, "Kawo su. Tsamiyar nan ba ta cika ba tukuna."

Dillali ya riƙe baki:
"Ka bar siminti ka ɗauki ƙasa?"
Na ce katanga ce, hannu ke gyara.

Da dare Zilai ta tambayi ɗaki nawa.
Na ce tudu ne.
Ta yi shiru, ta ƙara mini miya.
Baffa ya ce akwai masu taya?
Ummita ta ce da akuyarta za ta.
Ƙofar langa-langa na jingine da rumbu,
har yanzu da busasshen taɓo a gindinta.
Gobe zan kankare shi,
jibi a ɗora ta kan amalanke.